Fakitin danshi na siga yana ƙandarewa da wuri a hunturun Zariya, ga inda matsalar take

Salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce maigidanka ya dawo daga Dubai da siga kara 50, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla ba takarda, haɗe da akwatin katako na ajiye ta, ya damƙa maka ka riƙa kula masa. A ciki akwai fakitin riƙe danshi biyu na kamfanin Boveda masu lamba 69, wato danshi kashi 69 cikin 100, amma tunda hunturu ya shigo ko sati uku ba su rufa ba sun ƙandare, agogon auna danshi da ke jikin akwatin yana nuna 55, bawon wasu daga cikin sigar, wato ganyen da aka naɗe su da shi ta waje, har ya fara tsagewa. Kana so ka sani ko fakitin jabu ne, ko za a iya jiƙa su a ruwa su dawo, ko kuwa a saka akwatin a firij kowa ya huta.

To da farko dai kar ka saka a firij, kar kuma ka tsoma fakitin a ruwa tukuna. Ni a ganina fakitinka lafiyarsa lau, aikinsa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Akwatin ne ke yoyon iska, kuma garin da muke ciki ba irin garin da aka ƙera akwatin dominsa ba ne. Na daɗe ina hulɗa da ganyen taba ta fannin ajiya, kuma kusan duk wanda ya zo min da irin kukanka a nan arewa, in aka bincika sai a tarar murfi ne ba fakiti ba.

Ka fara sanin abin da ke cikin fakitin don sauran maganar ta zauna maka. Ruwa ne da gishiri aka haɗa har ruwan ya ƙoshi ya kasa narkar da sauran gishirin, aka ɗan kaurara shi, aka rufe cikin wata fata wadda tururi ke iya ratsa ta amma ruwa ba ya fita. Shi ruwan gishirin da ya ƙoshi haka yana da wata ɗabi'a da masu kimiyya suka daɗe da sani, in ka rufe shi a waje ɗaya da iska, zai tsayar da danshin iskar a lamba ɗaya tak, in iskar ta bushe ya saki tururi, in ta yi laima da yawa ya tsotse. Kowane irin gishiri da lambarsa, gishirin miyar nan na kicin yana tsayawa a kashi 75 cikin 100, wani ya fi haka wani bai kai ba, shi ya sa kake ganin an buga 62, 65, 69, 72, 75 ko 84 a jikin fakiti. Kamfanin Boveda a jihar Minnesota ta Amurka yake, tun 1997 suke wannan sana'a, akwai kuma wasu irinsu Integra Boost da ke amfani da wani haɗin daban amma manufar ɗaya ce. Abin lura shi ne ruwan da ke ciki ƙayyadadde ne. Fakitin bai san girman wajen da yake ciki ba, in murfin akwati na yoyo to ƙoƙari yake ya jiƙa ɗakinka gaba ɗaya, har da iskar da ke shigowa ta taga daga Kwangila, kuma gram 60 ne duka nauyinsa, ina zai kai?

Yanzu duba yanayinmu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska a Zariya da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20, kai ma kana ji a leɓenka da dugaduganka. Siga kuwa tana son wajen 65 zuwa 70. Tazarar da ke tsakanin cikin akwati da wajensa kenan ta kai maki 50, kuma iya girman tazarar iya saurin da ruwa ke gudu ta kowace kafa. Abin da ake rubutawa cewa fakiti na yin wata biyu zuwa huɗu a akwatin katako gaskiya ne, amma a wajen mutumin da ɗakinsa ke da danshi 45 ko 50. Mu nan sati uku ba abin mamaki ba ne sam. Sannan akwai abu na biyu da nake kyautata zaton ya faru, akwatin sabo ne kuma ba a shayar da shi ba kafin a zuba siga. Cikin irin waɗannan akwatuna da katakon da ake kira sida na Sifen ake shafe shi, katako ne mai ƙamshi mai shan danshi sosai, in yana bushe aka zuba masa kaya sai ya fara da shanye ruwan fakiti, in ya gama ya koma kan sigar ita kanta. Abu uku ne ke jan ruwa daga fakiti biyu, katako da siga da iskar waje.

Gwada murfin yau ɗin nan, ba sai ka sayi komai ba. Ka ɗauki takardar kuɗi ka sa rabinta ciki rabi waje ka rufe murfi, sai ka ja. In ta zare salin alin to wajen na yoyo, ka bi kowane ɓangare huɗu ka gwada. Ko da dare ka kunna fitilar waya ka sa ciki ka rufe ka kashe wutar ɗaki, duk inda haske ya leƙo nan danshi ke fita. In mai murfin gilashi ne ma na riga na san amsar, gefen gilashin nan da wajen da aka huda aka dasa agogo sune suka fi yoyo, ado ne kawai ya yi musu yawa.

Shawarata, wadda na san ba lallai ta yi wa maigida daɗi ba tunda ya kashe kuɗi a kan akwatin, ita ce ka kwashe sigar ka mayar cikin roba. Ina nufin robar nan ta ajiye abinci mai maƙalli huɗu da zoben roba a bakin murfi, ana samu a kasuwar Sabon Gari da shagunan kayan kicin na PZ. Sabuwa za ka saya, ba wadda aka taɓa zuba miya ko yaji ba, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, ka bar ta a buɗe a inuwa kwana biyu har warin roba ya fita tas, ka sunsuna da kanka ka tabbatar. Ka shimfiɗa siririn katakon sidan nan da ke zuwa cikin kwalin siga a ƙasa, ka jera sigar, ka ɗora fakiti a kai, ka rufe. A irin wannan roba fakiti ɗaya yakan yi wata shida har ya doshi shekara, don ba inda ruwan zai je. Ka san yadda 'yan goro ke yi da huhu, ba yayyafin ruwan kaɗai ke riƙe goro ba, ganyen da aka lulluɓe da ɗaurin da aka yi tamau su ne ke hana shi bushewa, in huhu ya kwance ko tulu guda ka juye masa gobe zai yanƙwane. In kuma maigida ya dage sai akwatinsa, akwai mafita mai kyau, ka sayi sabuwar kula babba wadda akwatin zai shiga ciki gaba ɗaya, ka sa fakiti a cikin akwati ka ƙara wasu a cikin kular, in baƙi sun zo a ciro akwati a kai falo, in sun tafi a mayar. Ya samu adonsa, kai kuma ka samu sauƙi.

In za ka ci gaba da amfani da katakon to sai an shayar da shi tukuna. Ka kwashe sigar duka zuwa roba, ka sa fakiti mai lamba 84 a cikin akwatin babu komai, ɗaya ga kowane gurbin kara 25, ka rufe ka ƙyale shi kwana 14 ba buɗewa, ko agogo ya nuna 80 a rana ta uku kar ka ruɗu, iskar ce ta jiƙe ba katakon ba. Bayan nan ka cire na 84 ɗin ka sa na ajiya. Kar ka taɓa barin 84 tare da siga. Kuma don Allah kar ka bi masu cewa a goge cikin akwati da jiƙaƙƙen tsumma, katakon siriri ne, yana iya kumbura ya karkace, murfin da ke yoyo kaɗan ya koma yoyo da yawa.

Batun adadi, mutane na kuskure a nan sosai. Lissafin ba da yawan sigar da ke ciki ake yi ba, da girman akwatin ake yi. Ƙa'idar ita ce fakiti ɗaya na gram 60 ga kowane gurbin kara 25, akwatin da ke cin 100 yana buƙatar huɗu ko da kara goma ne a ciki. Kuma wannan mafi ƙaranci kenan, a hunturunmu ni ninkawa nake cewa a yi. Ba za ka jiƙa siga fiye da kima ba don ka ƙara fakiti, tunda kowanne in ya kai lambarsa tsayawa yake, abin da ƙarin ke yi kawai shi ne su raba aikin su daɗe. Akwai babba na gram 320 da ke tsaya wa wajen biyar na 60, shi ya fi dacewa da kula. Akwai ƙarami na gram 8 na tafiya. Ledar waje mai haske za ka cire, ita takardar ruwan ƙasan ba a yaga ta, kuma ba laifi ta taɓa jikin siga kai tsaye.

Wace lamba? A roba mai rufuwa sosai abin da aka rubuta a fakiti shi za ka gani a ma'auni, ko ya ɗara da maki ɗaya, don haka 65 ko 69 ya isa, ni ma 65 na fi so a garin nan saboda zafi, zan zo kan dalilin. Sigar Kyuba musamman an fi jin daɗinta a 65 don naɗinta kan yi tsauri, in ta sha danshi da yawa sai zuƙa ta yi wuya tana mutuwa a hanya. A akwatin katako kuwa kullum ana rasa maki biyu zuwa biyar, shi ya sa ake sa 72 don a samu kusan 68, a tsakiyar hunturu ma har 75 ana sawa. Amma kar ka haɗa lambobi biyu a waje ɗaya, 72 zai yi ta saki 65 na ta tsotsewa, ɗaya ya bushe ɗaya ya kumbura, kuɗinka ya tafi a banza. Haka nan in akwatin ya zo da ɗan gwangwanin nan mai koren soso a jikin murfi, cire shi ka ajiye gefe, shi sakin ruwa kawai ya iya ba ya tsotsa, kuma shi ne babban mai kawo fumfuna. Kar kuma wani ya ce maka ƙananan jakunkunan da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani abu ɗaya ne, waɗancan busarwa kawai suke yi, su za su ƙarasa maka sigar.

Agogon jikin akwatin nan mai allura kar ka yarda da shi, yawancinsu sukan kauce da maki biyar har goma. Nemi ma'aunin danshi na dijital ƙarami mai batir, wanda ke nuna zafi ma a tare, masu sayar da kayan ƙyanƙyasar kaji suna da shi ba tsada. Shi ma sai ka gwada shi kafin ka amince masa, kuma gwajin da gishirin gidanku za ka yi. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi ba wai ya narke ba, ka sa shi da ma'aunin a cikin leda mai zif ko ƙaramar roba ka rufe, ka bari kwana ɗaya a inda zafi ba ya hawa da sauka. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 71 ka san kullum sai ka ƙara huɗu a kan abin da ya faɗa maka, ka rubuta a takarda ka manna a bayansa. Zai iya yiwuwa ma 55 ɗin da kake gani ba 55 ba ne, amma tunda bawo na tsagewa bushewar dai tabbas ce.

Yanzu maganar jiƙa fakitin da ya ƙandare. Kamfanin su dai cewa suke a yar a sayi sabo, kuma ba don son ciniki kaɗai ba, akwai dalili, in fakiti ya bushe ƙarau gishirin ciki yana zama tsakuwa mai kaifi da kan iya huda fatar daga ciki, in ya sake shan ruwa sai ya riƙa tsatsafo ruwan gishiri a kan siga, wannan kuwa ba ta da gyara. Amma na san halin da ake ciki, kafin ka yi oda daga Legas ko Abuja ya iso da tsadar dala, dole mutum ya nemi dabara, kuma masu ajiyar siga da yawa suna farfaɗo da shi. Yadda ya fi aminci shi ne kar ka jira ya zama dutse, da ka matsa ka ji rabi ya yi tauri rabi da sauran laushi to lokacin ne. Ka samu roba mai rufuwa, ka sa ƙaramin kofi da ruwa a tsakiya, ka jera fakitin a gefe ba tare da sun taɓa ruwan ba, ka rufe. Ta tururi za su sha a hankali, yakan ɗauki kwanaki har sati ko fiye. In kana da ƙaramin sikeli irin na masu gwal ko na kicin ka riƙa aunawa, da ya dawo kusa da gram 60 ka cire. Wannan iyakar tana da muhimmanci ƙwarai, don in ya sha fiye da haka sai gishirin ciki ya narke duka, daga nan kuma ba ruwan da ya ƙoshi ba ne, lambar da ke jikinsa ta zama ƙarya, zai riƙa ba ka 75 ko 80 kana zaton 69 ne, kuma ba zai iya tsotsa ba in damina ta zo. Duk wanda ka ga tabo a takardarsa ko tana danƙo ko farin gishiri ya fito waje, yar da shi ba tare da tunani ba. Wanda ka farfaɗo kuma ka fara gwada shi shi kaɗai da ma'auni kwana ɗaya kafin ya koma kan kayan mutane.

Ruwan da za ka yi amfani da shi tataccen ruwa ne na tururi, wanda ake samu a shagunan kayan asibiti da na lab. Ba fiya wata ba, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba. Kuma ina roƙonka kar ka je wajen mai cajin batir ka ce a ba ka ruwan batir, don da suna ɗaya ake kiran tataccen ruwan da kuma mai asid, jarkokin ma wani lokaci a cakuɗe suke, wannan abu ne da zai shiga bakin mutum.

Sabbin fakitin da ba ka buɗe ba suna kai shekara biyu a ledarsu. In ka buɗe ledar ka ɗauki ɗaya, sauran ka sa su a leda mai zif ka matse iska, in ba haka ba a cikin durowa za su ƙare.

Firij kuwa dalilin hana ka shi ne cikinsa busasshe ne, sanyayawar da yake yi tana cire danshi daga iska, ga warin kifi da albasa da daddawa, ita kuwa siga duk abin da ke kusa da ita sai ta ɗauka. Ga kuma wutar NEPA, a kawo a ɗauke, sanyi ya zo zafi ya zo, raɓa ta kwanta a cikin robar ta ɗiga a kan bawo. Wannan batun wari ka riƙe shi har a wajen firij, kar ka ajiye a wadrob ɗin da ake turara kaya da turaren wuta ko aka sa kafur ko humra, akwatin katako mai yoyo cikin sati ɗaya zai ɗauka, kuma ba ya fita.

Sai dai tambayar firij ɗin ta taɓo abin da ya fi hunturu haɗari, wato bazara. Fakiti danshi kawai yake gyarawa, ba ruwansa da zafi. Ma'aunin da aka saba faɗa shi ne digiri 21 da danshi 70, mu kuwa a Maris da Afrilu ɗakin kwano yana wuce 35 cikin sauƙi. Iska mai digiri 35 tana ɗaukar ruwa fiye da ninki biyu na mai digiri 21, don haka 70 a bazararmu ba ƙaramin ruwa ba ne, fumfuna na son haka. Sannan akwai ƙwaron taba, ɗan mitsitsi ne ja-ja bai fi milimita biyu zuwa uku ba, ƙwansa kan zo tun daga gona a cikin ganye yana kwance, da zafi ya haura wajen digiri 23 ko 24 da danshi mai yawa sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta cin ganye ta huda ta fito. Alamarsa ƙaramin rami zagayayye kamar an soka allura, da garin taba a ƙasan akwati. Tsofaffin da suka yi aiki a kamfanin taba na nan Zariya ko suka noma ganye a ƙauyukan kewaye sun san shi sarai, shi ne babban abokin gabar sito. Wannan ne ya sa na ce 65 ta fi mana, ka rage masa abu ɗaya cikin biyun da yake buƙata tunda zafin ba ka da iko da shi sosai.

Abin da za ka iya game da zafi shi ne zaɓen waje. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa kan daɓe ba saman kabad ba, jikin bangon da rana ba ta dukansa, nesa da taga da kicin da janareta. In gidan na da ɗakin ginin ƙasa irin na cikin birni mai kaurin bango da rufin soro, babu kamarsa. Kula ma tana taimakawa ko babu ƙanƙara, don tana hana zafin rana da sanyin asuba su riƙa jan kayan sama da ƙasa, kuma wannan hawa da saukar shi ke sa bawo ya buɗe ya tsuke har ya fashe. Ɗakin esi yana da kyau in robar a rufe take, amma ka tuna esi busar da iska yake, akwatin katako a gabansa kamar hunturu ne na biyu. In gidan akwai sola mai tsayawa dare da rana, ƙaramar na'urar sanyaya kwalabe wadda ake iya saita ta a digiri 18 zuwa 20 ita ce maganin gaske, a sa robar a ciki a rufe.

Tun kafin bazara ta zo ina ba ka shawara ka kashe ƙwan gaba ɗaya, a nan ne kawai sanyi ke da amfani. Sa sigar a leda mai zif biyu, ɗaya cikin ɗaya, ka matse iska, ba fakiti a ciki. Kwana ɗaya a firij, kwana uku zuwa huɗu a firiza mai daskarewa sosai wajen digiri 18 ƙasa da sifili, sai kwana ɗaya a firij kuma, sannan ka fito da ita ka bar ta a ledar har ta dawo zafin ɗaki kafin ka buɗe. Matakan nan don kar bawo ya fashe ne. Amma sai inda wuta ba za ta yanke ba a tsawon kwanakin, in ba ka da tabbas gara ka bari. Kuma ba yanzu da take a bushe ba, sai ta farfaɗo.

Farfaɗowar kuma haƙuri take so. In ka ɗauki busasshiyar siga ka jefa cikin danshi 72, ganyen ciki zai kumbura kafin bawon ya yi laushi, sai ya tsage daga ƙasa zuwa sama. Ka fara da 62 sati biyu, ka koma 65 sati biyu zuwa uku, in kana so ka tsaya nan ko ka hau 69, kana juya su lokaci lokaci na ƙasa su dawo sama. In 65 kaɗai ka samu to fara da fakiti ɗaya a roba babba. Ledar da kowace kara ke ciki ka bar ta, tururi na ratsa ta kuma tana kare bawo, masu bututun ƙarfe kuma ka sassauta murfin. Ka matsa a hankali da yatsa biyu, mai lafiya tana ɗan nutsawa ta dawo ba ƙara, busasshiya kuwa za ka ji tana ƙas ƙas. Masu bawon Kamaru ka fi lallaɓa su, ganyen maƙwabtanmu ne mai daraja a duniyar siga amma siriri ne ƙwarai, shi ke fara tsagewa. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce sati uku na bushewa ana dawowa daga gare shi, amma wadda ta yi watanni a bushe man ganyenta ya riga ya tafi, laushi zai dawo ƙamshi ba zai dawo duka ba, gara ka sanar da maigida tun yanzu halin da kayan ke ciki.

Da damina kuma abin juyawa yake. A Agusta danshin gari yana haura 80, fakiti ya koma tsotsa, za ka ji ya kumbura ya zama ruwa tsululu. In ya kai haka ka cire shi ka sa wani, shi kuma ka ajiye a leda, da hunturu zai yi maka amfani bayan ka gwada shi. Ka riƙa buɗe robar sau ɗaya a sati na ɗan minti ka duba. In ka ga fari fari mai gashi ko kore ko shuɗi a jikin bawo, fumfuna ce, ka ware su nan take. In a bawo kawai take kuma fara ce ana gogewa da busasshen tsumma mai laushi a ajiye daban a sa ido, in ta shiga ta bakin da ake kunnawa to ta shiga ciki, a zubar.

Akwai abin da ba zan rufe maka ba tunda ƙanena ne kai kuma kayan a hannunka suke. Kula da amana daban, sha daban. Siga ba ta fi sigari sauƙi ba don wai ba a haɗiye hayaƙin, kara ɗaya babba tana iya ɗauke da taba kusan ta kwalin sigari guda, kuma tana jawo kansar baki da maƙogwaro da huhu, malamanmu da yawa ma ka san matsayinsu a kanta. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba da sha a wuraren taruwar jama'a. Ka ajiye robar inda yaran gida ba za su kai ba, har da fakitin, kar wani ya ɗauka abin tsotsa ne.

In maigida zai yi tafiya Kaduna ko Kano ya ce a ɗebo masa, kar ka ba shi a aljihu ko ka sa a gaban mota, a hunturu awa biyu ya isa bawo ya bushe. Leda mai zif da ƙaramin fakiti na gram 8 mai lamba ɗaya da ta gida tana riƙe kara biyar, a sa cikin jaka ba inda rana ke bugawa ba. Wadda ta dawo ba a sha ba ka bar ta a ledarta kwana biyu ka duba ta kafin ka mayar cikin sauran, wadda aka kunna aka kashe kuwa ko kusa da robar kar ta zo, warin toka zai kama duka.